Bayan allurar gina jiki: abin da alƙaluma suka nuna game da Clomid da tamoxifen a jikin maza

Ana saura kwana uku a yi gasar dambe ta UFC 200 a Las Vegas, cikin watan Yulin 2016, aka cire Jon Jones daga jerin masu karawa, saboda an ga haramtattun magunguna clomiphene da letrozole a fitsarinsa. Brock Lesnar kuwa ya shiga fage a daren ya doke Mark Hunt, sai daga baya gwaji ya nuna shi ma akwai clomiphene a jikinsa, aka soke nasarar. Kowannensu ya sha dakatarwar shekara ɗaya. Jones ya ce gurɓatacciyar ƙwayar ƙarfin maza ya sha bai sani ba, masu shari'ar wasanni kuma sun yarda daga nan abin ya fito, amma suka kama shi da laifin sakaci.

Macen da ta taɓa zuwa asibiti neman haihuwa ta san clomiphene, ko da da sunan Clomid ta san shi. Magani ne da Amurka ta amince da shi tun 1967 don taimaka wa mata su saki ƙwai. Ɗan'uwansa tamoxifen na kansar nono ne. Wata masaniyar haɗa magunguna, Dora Richardson, ta haɗa shi a kamfanin ICI na Ingila a 1962 da niyyar ya zama maganin hana ɗaukar ciki, bai yi wannan aikin ba, aka fara ba masu kansa shi a Birtaniya a 1973, Amurka ta biyo baya a 1977. To me ya kai magungunan mata cikin jakar masu ɗaga ƙarfe, har hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta su a kowane lokaci, ana gasa ko ba a yi?

Amsar tana cikin abin da sitiroyid ke yi wa namiji. Kafin a je nan, kada a rikita shi da dexamethasone, wanda ake zubawa cikin haɗin ƙiba da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Shi ma sitiroyid ne, amma na wani gidan daban, illarsa ma daban. Wanda ake magana a nan shi ne testosteron na allura da danginsa, masu kumbura tsoka.

Marainan namiji lafiyayye suna samar da kimanin miligiram 7 na testosteron a rana, wato wajen 50 a mako. Ba da ransu suke yin aikin ba. Umarni yana zuwa daga wani ɗan ƙullu a gindin ƙwaƙwalwa, fituwitari, ta hanyar sinadarai biyu, LH da FSH. Ƙwaƙwalwa kuma tana auna yawan abin da ke yawo a jini, musamman istrojin, domin jikin namiji yana juya wani ɓangare na testosteron ya zama istrojin. In ta ga rumbu ya cika, sai ta ce a daina noma. Mai yin allura ya cika rumbun da hatsin waje ke nan: LH da FSH su faɗi ƙasa warwas, maraina su daina aiki har su motse. Ranar da ya ajiye allura, na waje ya ƙare, na gida bai dawo ba.

Clomiphene da tamoxifen suna cikin ajin da likitoci ke taƙaita sunansa da SERM. Suna toshe gurbin da istrojin ke maƙalewa a wasu sassan jiki, a wasu sassan kuma su yi aiki tamkar istrojin ɗin. A ƙwaƙwalwa toshewa suke yi, sai ta ɗauka rumbu wayam yake, ta ba da umarni a koma gona. Wannan dabarar ce masu gina jiki ke kira PCT, wato jinyar bayan zagayen allura. Hankali ya yarda da ita. Saura a ga ko ƙidaya ta yarda.

A fara da yawan mutanen. Wani nazari na 2014 da Dominic Sagoe ya jagoranta, wanda ya tattara bincike 187, ya ƙiyasta cewa kashi 3.3 cikin 100 na mutanen duniya sun taɓa amfani da sitiroyid mai gina jiki: kashi 6.4 a maza, 1.6 a mata. Gabas ta Tsakiya ce kan gaba da kashi 21.7, Afirka na da 2.4. Waɗannan lambobi suna bukatar taka-tsantsan, domin da yawa daga binciken a gidajen motsa jiki da makarantu aka yi su, ba gida-gida aka bi ba. Abin da ya fi jan hankali a ciki shi ne masu motsa jiki don sha'awa sun kai kashi 18.4, sun zarce 'yan wasan gasa masu kashi 13.4. Ke nan yawancin masu yi ba kofi suke nema ba, kuma babu mai gwada fitsarinsu.

Game da kashe aikin maraina, babu gardama. A 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa gwajin da ta yi kan maza 271 masu lafiya, inda aka riƙa yi musu allurar testosteron miligiram 200 kowane mako, da nufin hana haihuwa. Cikin wata shida, kashi 65 cikin 100 ba a samun ƙwayar maniyyi ko ɗaya a ruwansu. A kwatanta wannan da abin da ake yi a gidajen ɗaga ƙarfe. Binciken HAARLEM na ƙasar Holan ya bi maza 100 tun kafin su fara allura har shekara guda, ya ga suna ɗura kusan miligiram 900 a mako. Ya ninka na gwajin hana haihuwa fiye da sau huɗu, ya ninka abin da jiki ke yi da kansa wajen sau 18.

Sai batun dawowa, kuma nan ne ya kamata a zauna. A 2006 mujallar Lancet ta buga nazarin maza 1,549 da suka shiga gwaje-gwajen hana haihuwa da sinadarin maza. Bayan an tsayar da allura, ba tare da an ba su komai ba, kashi 67 sun koma miliyan 20 na ƙwayoyin maniyyi a kowane mililita cikin wata 6, kashi 90 cikin wata 12, dukkansu cikin wata 24. Jinkirin ba abin mamaki ba ne, tunda ƙwayar maniyyi ɗaya takan ɗauki kwana 74 kafin ta kammalu. Wannan jadawali yana da amfani biyu. Yana nuna jiki kan farfaɗo da kansa, saboda haka wanda ya sha Clomid na 'yan makonni ya warke bayan wata huɗu ba shi da hanyar sanin maganin ne ya yi aiki ko lokaci. Yana kuma da tarko: waɗancan maza likitoci ne suka auna musu magani tsantsa, kaɗan, na ɗan lokaci. Wanda ya shekara uku yana haɗa iri uku ba zai kafa hujja da kashi 100 ɗin nan ba.

Ƙididdigar Denmak ce ta nuna haka. A 2016 Jon Rasmussen da abokan aikinsa suka gwada maza 33 da suka daina sitiroyid kimanin shekara biyu da rabi. Kashi 27 cikinsu testosteron ɗinsu yana ƙasa da ma'auni, kashi 27 na fama da rashin miƙewar gaba, kashi 40 sha'awa ta ragu, kashi 24 na da alamun ciwon damuwa. Lambobin suna da ban tsoro, amma a tuna kashi 27 na mutum 33 mutum tara ne kacal. Sun isa su nuna cewa wasu ba sa dawowa da wuri, ba su isa a ce ɗaya cikin huɗu na duk masu yi haka zai ƙare ba.

To ina SERM a cikin wannan lissafi? A binciken HAARLEM, kusan 80 cikin maza 100 sun yi PCT. Yawancin mahalarta testosteron ɗinsu ya daidaita cikin wata uku da dainawa, maniyyi ya ɗauki kusan shekara, kuma masu binciken ba su ga waɗanda suka sha magungunan sun riga waɗanda ba su sha ba warkewa. A gefe guda, a 2023 masu bincike daga Imperial College ta Landan sun duba bayanan maza 641 da suka je wani asibiti a Glasgow bayan sun daina. Ƙasa da rabinsu, kashi 48, aka samu sinadaransu sun daidaita a lokacin gwaji, kuma waɗanda suka ce sun yi PCT sun fi saurin daidaita. Ayarin ya kuma tambayi maza 470, masu PCT a cikinsu suka ce ta rage musu wahalar dainawa da kwaɗayin komawa.

Duka biyun ba su yanke hukunci ba, kuma dalilin ɗaya ne: mutanen ne suka zaɓar wa kansu sha ko ƙin sha. Mai shan PCT yana iya zama mai tsari, wanda ya taƙaita allurarsa tun farko. Akwai kuma wata matsalar ma'auni da ba a cika faɗa ba. Clomiphene gauraye ne na sinadarai biyu, kusan kashi 62 enclomiphene, kashi 38 zuclomiphene, na biyun kuma yakan daɗe makonni a jini. Tamoxifen yana ɗaukar kwana 5 zuwa 7 kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda aka ɗebi jininsa yana tsakiyar sha, ko mako biyu da gamawa, lambar da aka gani ta maganin ce, kamar motar da ake turawa. Sai masu turi sun saki hannu ake sanin ko injin ya kama. Irin gwajin da ke raba gardama, inda ake raba mutane gida biyu ta ƙuri'a, a ba wasu magani wasu kuma ƙwayar bogi, shi ne abin da wannan al'ada ta shekaru da dama ba ta ginu a kansa ba. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu don wannan aiki ba. Har enclomiphene tsantsa, da wani kamfani ya nemi a yi masa rajista don maza masu ƙarancin testosteron, Amurka ta mayar da takardunsa a 2015, Turai ta ƙi shi a 2018.

Wannan ba ya nufin magungunan banza ne. Likitocin mafitsara da na haihuwa suna ba maza clomiphene, bayan gwaji, idan an ga matsalar daga ƙwaƙwalwa take ba daga maraina ba, kuma yana ɗaga LH da testosteron. Tamoxifen ma ana ba da shi ga namijin da nono ya fara tsiro masa. Amma suna da nasu farashin. Takardar clomiphene ta nuna kimanin kashi 1.5 na matan da aka gwada sun samu matsalar gani, dishi-dishi ko walƙiya, kuma umarnin shi ne a tsaya nan take. A babban gwajin tamoxifen na 1998 kan mata 13,388, kansar nono ta ragu da kashi 49, amma daskarewar jini a huhu ta ninka kusan sau uku. Ga macen da kansa ke barazana gare ta, cinikin ya yi riba. Ga saurayin da sitiroyid ya riga ya kaurara masa jini ya ɓata masa kitsen jini, lissafin daban ne.

Sannan akwai tambayar me ma ke cikin kwalbar. Wani nazari daga Zurich a 2022, kan samfura fiye da 5,000 na sitiroyid ɗin kasuwar bayan fage, ya samu kashi 36 jabu ne, wasu kashi 37 kuma ba su cika ma'aunin da aka rubuta ba. Wannan yana rusa duk wani jadawalin PCT da ake yaɗawa a intanet, domin SERM ba ya iya tayar da ƙwaƙwalwa muddin sitiroyid na nan a jini. Wanda bai san abin da ya yi wa kansa allura da shi ba, ta yaya zai san ranar da ya fita?

Lamba ta ƙarshe ba ta shafi haihuwa ba. A Denmak an bi maza 545 da aka kama da sitiroyid a gidajen motsa jiki, aka kwatanta su da sa'o'insu 5,450, aka wallafa sakamakon a 2019: mace-macen masu sitiroyid ya ninka sau uku. Clomid ba ya mayar da zuciyar da ta yi kauri, tamoxifen ba ya wanke jijiyar da ta toshe. A ganina babbar ɓarnar PCT ita ce ƙarfin gwiwar da take ba mai shirin farawa, ya ɗauka akwai makullin komawa a aljihunsa. An ƙiyasta kusan kashi 30 na masu amfani da sitiroyid suna kasa dainawa, da yawansu kuma wahalar watannin bayan allura ce ke mayar da su.

Wanda bai fara ba, alƙaluman nan ba su ba shi tabbacin dawowa ba. Wanda ya riga ya yi kuwa, kada ya tsaya wurin mai kemis ko abokin ɗaga ƙarfe. Ya je wurin likita ya faɗi gaskiyar abin da ya sha da tsawon lokacin, a auna masa testosteron da safe, da LH da FSH, da kaurin jini, a gwada maniyyi in yana neman haihuwa. In baƙin ciki ya yi masa yawa har yana tunanin kashe kansa, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, kada ya bari a kwana bai ga likita ba.