Rumbun Tsimi da Wa'azin Sarkin Tailan

Yau shirin namu zai kai mu har ƙasar Tailan, amma daga kasuwar hatsi ta Tasawa za mu ɗauko hanya.

Kowa ya san yadda ake yi. Da kaka tiyar hatsi ta faɗi ƙasa, mai kuɗi ya saye ya jibge a mangaza. Damina na yin tsakiya, rumbuna sun ƙwanƙwashe, sai ya buɗe ƙofa ya sayar wa wanda ya noma shi da tsadar gaske. Da za a kai ƙara gaban Milton Friedman, masanin tattalin arziki na Amurka, da wuya ya ga laifi. Shi ne ya rubuta a 1970 cewa aikin kamfani ƙara riba, muddin ba a karya doka ba, ba a kuma yi ha'inci ba. To amma wanda ya ga 2005 a jahar Maraɗi, hatsi ga shi a kasuwa, talaka na kallo ba abin saye, shi ma yana da ta cewa.

Mutanen Tailan ta bashi suka sha tasu wuyar. Kamfanoninsu sun ciwo daloli suna ta gine-gine. Ranar 2 ga Yuli 1997 gwamnati ta saki kuɗin ƙasar, wato baht, cikin 'yan watanni ya zubar da kusan rabin darajarsa, bashin kowa ya kusa ninkawa. A watan Disamban shekarar Sarki Bhumibol Adulyadej ya ja kunnen jama'arsa da abin da za mu kira tattalin wadatar zuci: ka tsaya daidai ƙarfinka, ka san dalilin duk abin da za ka sa kuɗi a ciki, ka kuma yi tanadin ranar wuya. Har gona ya tsara wa ƙaramin manomi: kashi 30 cikin 100 tafki, 30 shinkafar ci, 30 sauran amfani da itatuwa, 10 gida da dabbobi. Masu suka dai sun ce mai wa'azin yana cikin sarakuna mafi dukiya a duniya, kuma mai ƙoshi ba ya wahalar koya wa mai yunwa haƙuri. Ni ma ban ce ba su da gaskiya ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tanadin nan, don a nan ƙasar Mayahi ba baƙo ba ne. Kakanninmu suna da rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai shekara ta ɓaci.

Mata kuwa sun mai da tanadin sana'a. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a nan jahar Maraɗi, yau ga shi a ƙasashe da dama. Duk mako a zauna kan tabarma, kowace ta zuba nata. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, mabuɗai a hannun mata uku, ba mai buɗewa ita kaɗai. Mai son jarin ƙuli-ƙuli ko ɗan tunkiyar kiwo ta ranta, ta mayar da ɗan ƙari, shekara ta zagayo a raba. Na farko-farkonsu ma ba littafi suke riƙewa ba. A ƙirga da ƙarfi gaban kowa, a haddace, mako mai zuwa kafin a taɓa kwaɗo sai an tambayi zauren: nawa muka bari a ciki?