Baƙin yashi na bakin kogin Nilu

Kogin Nilu yana cikin manyan kogunan duniya. Tsawonsa ya wuce kilomita 6.000. Kowace damina ruwa yana wanke duwatsun ƙasar Habasha, kogi ya kwaso laka da yashi ya nufi ƙasar Masar da su. Bayan ya wuce Alƙahira sai ya rabu biyu: reshe ɗaya ya faɗa Bahar Rum kusa da garin Rashid, ɗaya kuma kusa da Dumyat.

Inda kogi ya haɗu da teku, gudunsa yana raguwa, sai ya sauke kayan da ya ɗauko. Shekara da shekaru, laka bisa laka, har sabuwar ƙasa ta fito. Manoman Masar suna noma shinkafa, alkama da auduga a kanta.

Yashin gaɓar ba iri ɗaya ba ne. Akwai fari marar nauyi, akwai baƙi mai nauyi. Kun ga yadda mata suke bakacen gero a faifai? Dusa ta tafi, tsaba ta zauna. Haka igiyar ruwa take yi: ta janye farin yashi, ta bar baƙin shimfiɗe a gaɓa. A cikin baƙin akwai tamar ƙarfe wadda maganaɗisu yake kamawa. Akwai ilmenit, wanda ake samun farin fenti daga gare shi, da zirkon, wanda ake sawa cikin kayan tangaran. A shekara ta 2022 Masar ta buɗe masana'antar tace wannan yashi a Burullus.

A shekara ta 1970 aka gama ginin babbar madatsar ruwa ta Aswan. Ta ba mutane lantarki, ta tsare su daga ambaliya. Amma laka da yashi suka riƙa kwanciya a tafkin Nasar, bayan madatsar. Kogi ya daina kai wa gaɓa sabon yashi, teku kuwa ba ta daina ɗiba ba. A bakin Rashid, wasu shekaru ta ci fiye da mita 100. Dole aka gina katanga da manyan duwatsu don a tsare gaɓar.

Mu riƙe: kogi ne yake gina gaɓa, teku tana rage ta. In aka tare yashi a sama, mutanen ƙasa za su ji a jikinsu.

Kalmomi
gaɓar teku: le littoral
madatsar ruwa: le barrage
maganaɗisu: l'aimant

Tambayoyi
1. Daga ina lakar Nilu take fitowa?
2. Don me baƙin yashi yake zama a gaɓa?
3. Wane amfani madatsar Aswan ta kawo? Wace illa?

Aiki
Bayan an ɗauke ruwan sama, ku duba cikin ƙorama, za ku ga layin baƙin yashi. Ku ɗebo kaɗan, ku shanya, ku kusantar da maganaɗisu. Ku rubuta abin da kuka gani.