Yaro da allurar ciwon sukari: babba ya sa ido

Mutane da yawa a Gangara da ƙauyukanta suna tsammani ciwon sukari na tsofaffi ne da masu kuɗi. Ba haka ba ne. Akwai wani irinsa mai kama yara. Yaro ya riƙa yawan fitsari, har a kan tabarma da dare. Ya riƙa shan ruwa, ƙishirwa ba ta yankewa. Yana ci yana ramewa.

Abincin da mutum ya ci, gero ne ko dawa, yana zama sukari cikin jini. Wani abu da jiki ke yi, mai suna insulin, shi ke shigar da sukarin cikin tsoka ya zama ƙarfi. Jikin irin wannan yaro ya daina yin insulin. Dole a yi masa allurarsa kullum. An gano maganin a shekarar 1921 a garin Toronto na ƙasar Kanada. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, kuma ya rayu. Kafin nan yaran da ciwon ya kama ba su daɗewa.

IN MAGANI YA YI YAWA

Insulin kamar zuma yake, ga zaƙi ga harbi. In ya fi abincin da ke cikin yaro yawa, sukarin jini sai ya faɗi. Ga mai abin awo, in ya nuna ƙasa da 0,70, ko ƙasa da 70 a wani irin, sukari ya faɗi. Yaro ya fara zufa da makyarkyata, yunwa ta kama shi, idonsa ya yi duhu. Wani ya yi ta faɗa ba dalili. In ba a taimake shi ba sai ya suma, har da fizge-fizge. Wasu su ce iskoki ne, a tsaya turare, lokaci yana wucewa. Irin wannan suma tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana kuma kisa.

Haɗarin ya fi yawa da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, aiki ya yi yawa. A yi wa yaro allura da safe, ya tafi noma ko kiwo bai karya kumallo ba. Kafin azahar ya faɗi.

WANI LOKACI YARON NE DA KANSA

A Turai da Amurka yara da yawa ba su shan allura kullum. Suna ɗaura wani ɗan inji a ƙugu, bai kai girman wayar salula ba. Yana tura insulin kaɗan-kaɗan ta siririn tiyo zuwa ƙarƙashin fata, dare da rana. In za a ci abinci sai a danna shi ya ƙara. To, an samu yaran da ke dannawa a ɓoye fiye da kima. Injin yana riƙe lissafin abin da ya shiga, shi ya sa lokotoro kan duba ya gane.

Da allura ma ana yi. A shekarar 2006 wasu likitoci a Paris ta ƙasar Faransa sun ba da labarin matasa masu yawan suma. Da aka bincika, ashe su ke ƙara wa kansu insulin ba da sanin kowa ba.

Me ke kawo haka? Wani kwaɗayin alewa ne, don ya ga sai sukarinsa ya faɗi ake ba shi zaƙi. Wani gudun makaranta yake yi. Wani ciwon ne ya ishe shi, ko akwai damuwa a gida, ba shi da wanda zai faɗa wa. Yaro bai san wuta ba sai ya taka.

A Gangara allura da kwalba aka sani. Su kuwa ba su riƙe lissafi. Idon uwa da uba shi ne lissafin.

ABIN DA ZA A YI

Babba ya ajiye kwalba da allura a wuri mai sanyi, kamar gindin randa, inda hannun yaro ba ya kai. Babba ya tsaya a kan kowace allura, ya rubuta awon a littafi. Ga amfanin yaƙi da jahilci. In kwalba tana ƙarewa kafin lokacinta, akwai magana.

Yaro ya ci abinci bayan allura. Ya tafi gona da sukari a aljihu da gorar fura. Abokan kiwonsa da malaminsa su san alamun.

In alamu sun zo yana cikin hankalinsa, a ba shi ƙwayar sukari ɗaya ga kowane kilo 20 na nauyinsa. A jira minti 15. In bai warware ba a ƙara. In ya warware a ba shi fura ko tuwo.

In ya suma kada a ɗura masa ruwa, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a shafa masa ɗan zuma ko jiƙaƙƙen sukari cikin kumatu. A garzaya da shi gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura shi gaba, har Maraɗi.

In an gane shi ya ƙara wa kansa, kada a doke shi. Duka sai ya ƙara masa ɓoyo. A zauna da shi cikin lumana, a ji damuwarsa, a gaya wa lokotoro gaskiya. Allah ya raya yaran karkara, amin.