Hadarin da ke Cikin Wasan Sarki Liya

Na gaji da jin wata magana a bakin ɗalibai, har ma da wasu malamansu, wai hadarin da ya taso a wasan kwaikwayon Shakisfiya mai suna Sarki Liya hujja ne cewa sama kan yi fushi idan mulki ya lalace, wai ko Turawa sun yarda tsawa da husufi ke shelar faɗuwar sarakuna. Mai faɗin haka, ko dai bai karanta wasan ba, ko kuwa ya karanta idonsa na kan takarda zuciyarsa na kasuwa.

Liya sarkin Birtaniya ne a zamanin jahiliyyarsu, wanda da tsufa ya cim masa ya sa aka kawo taswira, ya raba ƙasa ga 'ya'yansa mata gwargwadon zaƙin bakinsu, ya kori autarsa Kodiliya don ta ƙi yi masa fadanci. An nuna wasan a fadar Sarki Jemis ran 26 ga Disamba 1606, shekara uku bayan sarautar Ingila da ta Sikotilan sun haɗu a hannunsa, saboda haka duk wanda ke zauren ya san nauyin zancen raba ƙasa.

To, a dubi tartibin al'amura. Kafin ɗigo ɗaya ya sauka, an riga an yayyanka ƙasa, an kori bafaden sarki Kent mai faɗin gaskiya, yayyen Kodiliya, Goneril da Rigan, kuma sun rage baraden mahaifinsu daga 100 zuwa 50, zuwa 25, har suka tambaye shi amfanin ko da guda ɗaya. Sa'an nan ne aka ji tsawa. Fitinar aikin hannun mutane ce, hadari ya zo ya tarar da ita. In da azaba ce aka saukar wa azzalumai, ai da kansu za ta faɗa, alhali kuwa su ne suka rufe ƙofa suka kwana a bushe, aka bar tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya, kansa ba hula, shi da wawan sarki suna makyarkyata a fili, har aka lallaɓa su zuwa wata bukka. Liya ya yi ta kiran aradu ta tono masu laifi, ba ta taɓa kowa ba. Ƙwaƙule idanun Gulosta, wani basaraken ƙasar, ma a cikin gidansa aka yi, da hannun surukin sarki.

Hasali ma wannan Gulosta shi ne ya jingina rikicin ƙasa ga husufin rana da na wata, ɗansa Edmon kuwa, ko da yake makiri ne, ya yi wa wannan camfi ba'a, ya nuna yadda mutum kan ɗora wa taurari laifin da ya aikata da kansa. Mu kam ba mu bukatar makiri ya karantar da mu, tun da ranar rasuwar Ibrahim ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, rana ta yi husufi, Annabi ya bayyana cewa ba ta yin haka domin mutuwar kowa.

Aikin hadarin shi ne bayyana ruɗanin zuciyar sarki, da kuma jiƙa shi har ya tuna da talakawa marasa tufa da makwanci, ya yarda bai kula da su ba yana kan gado.

Saboda haka, malamai, ku sa yara su jera aukuwar al'amura kafin su fassara alama, ku tambaye su wa ya raba ƙasa, wa ya rufe ƙofa, wa ya kwana a waje, ku kuma hana su haddace sharhin da ba su gwada shi da asalin littafi ba. Wanda ya kawo muku zancen fushin sama, ku buɗe masa ƙarshen kashi na biyu ya karanta da kansa.