An yi bita, to an daina kuwa?

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a ma'aikatu da asibitoci: "Ai an yi bita, kowa ya san sabon tsari." A ɗauki hoto, a raba alawus, a rubuta a rahoto cewa an samu sauyi. Ran Litinin kowa ya koma gidan jiya.

Masana harkar gudanarwa, irin su Bo Hedberg na ƙasar Suwidin da ya yi rubutu kan batun a 1981, sun nuna cewa koyon sabon abu daban, sakin tsohon daban. Abin haushin shi ne shugabanni su auna na farko, su yi ta bugun ƙirji kamar sun auna na biyu. Takardar halartar bita tana nuna wanda ya zauna a kujera ne kawai. Ba ta san abin da hannunsa zai rubuta gobe ba.

Ga misali a kusa. A 2005 Najeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, ta koma haɗin ACT, saboda ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin. A takarda an gama. Amma shekaru bayan nan ana shiga kemis a tarar da shi jere a kanta, ana kuma rubuta wa marasa lafiya. Wanda ya ƙirga tarurrukan da aka yi zai ce an ci nasara; wanda ya ƙirga takardun magani zai kama baki.

Akwai inda aka yi abin da kyau. A watan Afrilun 2016, ƙasashe da yankuna 155, har da Najeriya da Nijar, suka daina amfani da ɗigon shan inna mai nau'i uku suka koma mai nau'i biyu cikin makonni biyu, domin an tabbatar nau'i na biyu na ƙwayar cutar ta asali ya ƙare a duniya. Ba a tsaya kan sanarwa ba. An tura masu sa ido suna buɗe firji a sito da ɗakunan shan magani, kwalbar da ta rage a kwashe ta a lalata.

Duk shugaban da ke son sanin gaskiyar ma'aikatarsa, daga nan zai ɗauki darasi. Ya sa ranar dainawa, kowa ya san ta. Ya kwashe tsohon fom daga durowa, don muddin yana nan akawu zai cika shi. Ya ɗebo fayil na watan jiya ya ƙirga sau nawa tsohuwar hanya ta bayyana, bayan wata shida ya sake ƙirgawa. Ya tambayi mai kula da sito da sabon ma'aikaci, ba daraktoci ba, domin sabon ma'aikaci ne zai faɗi abin da aka raɗa masa ranar da ya kama aiki: "Bar wannan takardar, ga yadda muke yi a nan." Sannan ya duba ma'aunin ƙarin girma, ko har yanzu tsohon aikin ake saka wa mutane a kansa.