Tsakanin Wasa da Caca: Darasi Daga Gidajen Gem

Duk wanda ya ratsa Tudun Wada ko Sabon Gari a Gusau da yamma, ko ya tsaya a bakin titi a Tsafe ko Bungudu, ba zai rasa ganin ɗan shago mai janareta da talabijin ba, inda samari ke buga ƙwallon PlayStation. Ka'idar da aka saba ji a irin waɗannan wurare ita ce, wanda aka ci shi ke biya. Da yawa cikinmu muna ɗaukar wannan shiririta ce ta yara, alhali a ƙasashen da sana'ar ta samo asali, tambayar wa ya ci, kuma me ya ci, ita ce ta sauya mata kamanni gaba ɗaya.

Idan mai karatu zai tuna, gidajen gem sun bunƙasa ne a Amurka da Japan bayan fitowar Pong a 1972, da Space Invaders a 1978, da Pac-Man a 1980. A wancan zamani mutum kan jefa kwabonsa a inji, ladan gwanintarsa kuwa bai wuce ganin makinsa a saman allo ba. Da na'urorin gida suka yi ƙarfi, musamman bayan fitowar PlayStation a 1994, sai yaro ya samu a ɗakinsa abin da a da yake biyan kuɗi a kansa, ɗimbin gidajen suka rufe.

Waɗanda suka tsira, irin su Chuck E. Cheese da aka kafa a 1977 da Dave & Buster's na 1982, sun jingina ne da injinan da ke fitar da tikiti, wanda ake tarawa a musanya da alewa ko 'yar tsana. Babu shakka dabarar ta ceci jari, ta kuma jawo iyaye da ƙananan yara. To amma ta zo da tsadarta. Wasan da gwani kan shafe rabin sa'a a kansa da kwabo ɗaya ya ba da wuri ga wasan 'yan daƙiƙoƙi, kuma mai gida ne ke saita yawan tikitin da inji zai fitar, ta yadda kayan da aka karɓa ba za su kai kuɗin da aka zuba ba.

A nan ne ya kamata mu lura da kalma. A Hausa, kyauta ita ce abin da aka ba ka ba tare da ka biya ba. Abin da ka zuba kuɗi kana fatan sa'a ta kawo maka kuwa, sunansa caca, ko da an naɗe shi cikin takarda mai ƙyalli. Hukumomin birnin New York sun yi fama da wannan iyaka: sun haramta injin finbol a 1942 bisa hujjar caca ne, ba su janye ba sai a 1976, bayan da wani gwani ya nuna wa majalisar birnin cewa ƙwarewa ke aiki.

Jihar Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, kuma matsayin caca a cikinta ba ɓoyayye ba ne. Haka nan a Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin na jihohi ne. Ke nan alhakin fayyace iyakar yana wuyan Majalisar Dokokin jiha.

Rufe gidajen gem ba shi ne mafita ba, domin matasa na cin abinci da su, yara kuma na buƙatar wurin nishaɗi. Abin da ake bukata shi ne ka'ida bayyananniya: a biya kuɗin lokacin wasa kawai, a hana musanya maki ko tikiti da kuɗi, a kuma hana duk injin da sa'a ke rinjayar gwaninta a cikinsa. Bahaushe ya ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba sa ran riba a wasa yana ɗan shekara goma, ba zai ga baƙon abu ba ranar da cacar ƙwallo ta same shi a wayarsa. Allah Ya shirya mana zuri'a.