Faifan The Kinks da kasuwa ta ƙi a 1968, ya zama abin alfahari bayan shekaru 50

A ranar 22 ga watan Nuwamba na shekara ta 1968 ne ƙungiyar mawaƙan nan ta Birtaniya, wato The Kinks, ta fitar da faifan da jagoranta Ray Davies ya ɗauki kimanin shekaru biyu yana shiryawa. Faifan bai samu shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa ba, a Birtaniya ko a Amurka. A yau kuwa masana kiɗan rock na lissafa shi cikin mafi ingancin faya-fayen da aka yi a ƙarni na ashirin.

Sunan faifan The Kinks Are the Village Green Preservation Society, abin da ke nufin The Kinks su ne ƙungiyar kare dandalin ƙauye. A Ingila dai akan samu fili mai ciyawa a tsakiyar ƙauye, inda ake wasan kurket da bukukuwan gari, kuma wannan fili ne Ray Davies ya ɗauka a matsayin alamar rayuwar da yake ganin tana shuɗewa.

Faifan ya fito ne a daidai lokacin da tauraron ƙungiyar ke dusashewa. Abubuwan da suka haddasa faɗuwarsa a kasuwa su ne kuma suka ba shi kamannin da suka sa ake yabonsa daga baya.

Tashen farko

'Yan'uwa biyu, Ray da ƙanensa Dave Davies, waɗanda suka tashi a unguwar Muswell Hill da ke arewacin birnin Landan, su ne suka kafa ƙungiyar a 1963 tare da abokinsu Pete Quaife. Daga baya makaɗin ganga Mick Avory ya shigo ya cike su huɗu.

A 1964 waƙarsu mai suna You Really Got Me ta kai matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta kuma shiga cikin goma na farko a Amurka. Ƙarar jitar da ke cikinta mai kaushi, wadda Dave ya samar ta hanyar tsaga lasifikarsa da reza, ta zama abin koyi ga makaɗa da yawa da suka biyo baya. A wannan lokaci ana ambaton The Kinks ne tare da The Beatles da The Rolling Stones, a matsayin ƙungiyoyin Birtaniya da suka mamaye kasuwar Amurka.

To sai dai ziyarar da suka kai Amurka a tsakiyar 1965 ta ƙare cikin rikici. An samu saɓani tsakaninsu da masu shirya wasanni kan batun kuɗi, aka kuma yi ta zarginsu da rashin ɗa'a. Bayan sun koma gida, ƙungiyar ƙwadago ta makaɗan Amurka ta hana a ba su izinin yin wasa a ƙasar. Ba a bayyana dalili a hukumance ba, kuma haramcin ya ci gaba har zuwa 1969.

Wannan mataki ya yi musu mummunar illa. Amurka ce kasuwar faya-fayai mafi girma a duniya, kuma a wancan zamani yawon wasanni daga gari zuwa gari shi ne babbar hanyar tallata sabon faifai. A cikin shekaru huɗun da aka rufe wa The Kinks ƙofa, takwarorinsu irin su The Who sun yi ta zagaya Amurka suna tara magoya baya da dukiya.

Komawa gida

Da hanyar Amurka ta toshe, Ray Davies, wanda shi ke rubuta kusan dukkan waƙoƙin ƙungiyar, ya maida hankalinsa ga abin da ke kewaye da shi. Ya shiga rubuta waƙoƙi kan talakawan Ingila da masu matsakaicin hali, da harajin da ke cin masu kuɗi, da titunan Landan. Da farko wannan salo ya karɓu a gida. Waƙar Sunny Afternoon ta kai matsayi na ɗaya a 1966, a shekarar da ta biyo baya kuma Waterloo Sunset ta kai na biyu, Autumn Almanac ta kai na uku.

A nan akwai buƙatar a bambanta nau'o'i biyu na faifan garmaho da ake sayarwa a lokacin. Akwai ƙarami, mai ɗauke da waƙa ɗaya a kowace fuska, wanda matasa ke saya da ɗan kuɗin aljihunsu. Akwai kuma babba, mai ɗauke da waƙoƙi goma ko fiye. The Kinks sun yi suna ne da ƙananan faya-fayai. Amma tun daga fitowar Sgt. Pepper na The Beatles a 1967, hankalin masu saye da na masu sharhi ya karkata ga babban faifai, wanda aka fara ɗauka a matsayin ma'aunin ƙwarewar mawaƙi.

Kamfanin Pye da ke buga wa The Kinks faya-fayai bai tafi da wannan sauyi ba. Ya ci gaba da kallonsu a matsayin masu kawo kuɗi da ƙananan faya-fayai, yana kuma tattara tsofaffin waƙoƙinsu yana sayarwa da rahusa, abin da ya riƙa janye masu saye daga sabon aikinsu. Babban faifansu na 1967, Something Else, da ƙyar ya kai matsayi na 35 a Birtaniya.

A 1968 al'amura suka ƙara taɓarɓarewa. Waƙar Wonderboy da suka fitar a watan Afrilu ba ta ko shiga cikin talatin na farko ba. Waƙar Days da ta biyo baya ta ɗan taɓuka, inda ta kai matsayi na 12, amma hakan bai maido da martabarsu ba. Ƙungiyar da ta taɓa cika manyan zauruka ta koma yin wasa a wuraren shaƙatawa na ƙasar Suwidin, daga baya kuma a gidajen rawa na arewacin Ingila, inda jama'a ke cin abinci suna hira yayin da ake kiɗa. Kazalika wata shari'a ta tsawon shekaru tsakanin manajojinsu da masu buga waƙoƙinsu ta sa an riƙe wani ɓangare na kuɗaɗen Ray Davies.

Abin da faifan ya ƙunsa

A cikin wannan hali ne aka kammala faifan, a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Pye da ke Landan. Shi ne na farko da Ray Davies, wanda a lokacin yake da shekaru 24, ya jagoranci haɗawa shi kaɗai daga farko har ƙarshe, bayan rabuwarsu da Shel Talmy, Ba'amurken da ya haɗa musu faya-fayensu na farko.

Waƙoƙi 15 ne a cikinsa, kuma yawancinsu gajeru ne, ba su wuce minti biyu zuwa uku ba. Da yawa daga cikinsu na zagaye ne a kan tuna baya da abin da zamani ke shafewa. Akwai wadda ke magana kan abokin ƙuruciya da girma ya raba su, har mai waƙar na tunanin ko da sun haɗu ba su da sauran abin da za su ce wa juna. Akwai guda biyu kan yadda mutane ke ɗaukar hotuna don su tabbatar wa kansu cewa sun taɓa jin daɗi. Wata kuma mawaƙin ya kamanta kansa da jirgin ƙasa na ƙarshe mai aiki da kwal, a shekarar da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina amfani da irin waɗannan jirage wajen ɗaukar fasinja, wato a watan Agustan 1968. Waƙar da faifan ya ci sunanta tana lissafa ƙananan kantuna da tsofaffin gidaje da kayan shayi a matsayin abubuwan da ya kamata a kare daga dogayen benaye, cikin salon da ya haɗa ƙauna da zolaya.

Hatta fitowar faifan sai da ta gamu da cikas. An shirya fitar da shi da waƙoƙi 12 a ƙarshen watan Satumba, amma a ƙurarren lokaci Ray Davies ya nemi a dakata, yana son a mayar da shi tagwayen faifai masu waƙoƙi 20. Kamfanin Pye ya ƙi, aka daidaita a kan 15. Kafin nan an riga an aika da na farkon zuwa wasu ƙasashe, ciki har da Faransa da Suwidin da Norway, inda aka sayar da shi haka nan.

Dalilan faɗuwarsa

Jinkirin na watanni biyu ya sa faifan ya fito rana ɗaya da tagwayen faifan The Beatles da aka fi sani da White Album, wanda nan take ya haye matsayi na ɗaya. Wata guda kafin nan Jimi Hendrix ya fitar da Electric Ladyland, makonni biyu bayan nan kuma The Rolling Stones suka fito da Beggars Banquet. Matashin da ke da kuɗin faifai ɗaya kafin bukin Kirsimeti yana da zaɓi da yawa.

Dalili na biyu shi ne yanayin shekarar kanta. A 1968 yaƙin Vietnam ya yi tsanani, an kashe Martin Luther King a watan Afrilu, ɗalibai da ma'aikata sun tsayar da al'amura cik a Faransa a watan Mayu, a watan Agusta kuma tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet suka shiga birnin Prague. Matasa na neman kiɗa mai ƙarfi da ke magana kan tawaye da sauyi. Masu iya magana kan ce idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, to amma The Kinks sun fito ne da waƙoƙi masu sanyi kan ƙauye da tsofaffin hotuna.

Bugu da ƙari, ba a fitar da ko waƙa ɗaya daga cikinsa a ƙaramin faifai a Birtaniya ba, wanda da shi ne gidajen rediyo za su riƙa sawa. A Amurka, inda kamfanin Reprise ya fitar da shi a farkon 1969, ƙungiyar ba ta da damar zuwa ta tallata shi. Masu sharhi a jaridun kiɗa na ƙasashen biyu sun yaba masa, ciki har da mujallar Rolling Stone, amma yabon bai kai jama'a kantuna ba. Shi ne babban faifan The Kinks na farko da ya gaza shiga jerin kasuwa a ƙasashen biyu baki ɗaya.

Abin da ya biyo baya

A watan Maris na 1969 Pete Quaife ya fice daga ƙungiyar, John Dalton ya maye gurbinsa. Ta haka faifan ya zama na ƙarshe da mutane huɗun asali suka yi tare.

A wannan shekarar ce aka ɗage haramcin Amurka, The Kinks suka koma can a watan Oktoba, inda a wasu wuraren su ne ke share fage ga ƙungiyoyin da suka biyo bayansu a sana'ar. Farfaɗowarsu ta fara ne a 1970 da waƙar Lola, wadda ta kai matsayi na biyu a Birtaniya ta kuma shiga cikin goma na farko a Amurka. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 sun dawo suna cika manyan filayen wasa a Amurka, amma da kiɗa mai ƙarfi irin wanda kasuwa ke so. An shigar da su zauren karrama mawaƙan rock na Amurka a 1990, kuma sun daina wasa tare a tsakiyar shekarun 1990.

Shi kuwa faifan na 1968 ya ci gaba da yawo a hankali daga hannu zuwa hannu. A shekarun 1990 wani sabon rukunin mawaƙan Birtaniya, musamman ƙungiyar Blur, ya tashi da aniyar yin waƙa kan rayuwar Ingila da harshen Ingila maimakon kwaikwayon Amurka, kuma suka nuna Ray Davies a matsayin wanda ya share musu hanya. A 2003 mujallar Rolling Stone ta sa faifan cikin jerin 500 mafi inganci a tarihi. A 2004 kamfanin kwamfuta na HP ya yi amfani da waƙar Picture Book a wata tallarsa ta talabijin, a 2007 kuma fim ɗin Hot Fuzz ya sa waƙoƙi biyu daga cikinsa, abin da ya kai shi kunnen matasan da ba a haife su ba lokacin da ya fito.

A 2011 Ray Davies ya rera waƙoƙin faifan a zauren Royal Festival Hall na Landan tare da babbar ƙungiyar makaɗa da mawaƙa. Pete Quaife bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 2010.

A 2018, lokacin da faifan ya cika shekaru 50, an sake buga shi, kuma a karon farko ya shiga jerin faya-fayen da suka fi kasuwa a Birtaniya. A wannan shekarar ce ƙungiyar kamfanonin faya-fayai ta ƙasar ta ba shi lambar zinariya, wadda ake bai wa faifan da aka sayar da kwafi 100,000 nasa. Adadi ne da manyan ƙungiyoyin zamaninsa kan cimma cikin 'yan makonni, shi kuwa ya ɗauke shi rabin ƙarni.